Koren Ƙyalle a Kan Akwatin Kargo

Liman yana tsakiyar huɗuba a Madinar Masana'antu ta Jidda lokacin da suka banko ƙofar siton kargo. Munzali, shugabansu, shi ya zaɓi lokacin. Ranar Juma'a ce, ma'aikata duk sun tafi masallaci, mutum ɗaya aka bari. Wai shi dabara ke nan, ya jira bayin Allah su tafi salla sannan ya fito ta'asa.

"Yalla, fuska ƙasa!"

Wanda aka bari, Muath mai karɓar kaya a kanta, ya zube yana salati. Haifaffen Jidda ne, ɗan Hausawa. Hausa ba ta fita a bakinsa sai da ƙyar, amma kunnensa yana ji sarai.

Jabiru ya tsaya a kansa da bindiga, fuska naɗe da rawani, zufa tana shiga masa ido. Lado direba yana waje cikin mota, inji a kunne.

Akwati ɗaya suka zo ɗauka. Munzali ya sayi ƙananan bindigogi zai tura wa abokan harkarsa a Najeriya, ya cusa su cikin kayan kargo. Kamfanin kargo kuwa ba ya karɓar makami daga hannun kowa da kowa, sai mai lasisi da izinin hukuma. Kowane kaya sai ya bi ta na'urar haskawa, in kuma aka ga abin da aka hana, wanda aka karɓi kayan da iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, shi zai amsa. Mutumin da ya yi wa Munzali alkawarin kawar da kai an kore shi daga aiki, shi ya sa hankali ya tashi. Jabiru bai tambayi iƙamar wa aka bayar ba. Munzali ba shi da ita, shi ma ba shi da ita, tun da umara ta kawo su suka ɓace cikin gari.

"Ga shi can a lungu," in ji Munzali. "Bar wannan matsoracin, zo mu kama."

Jabiru ya taka ya tsaya cak.

Akwatin katako ne, an keɓe shi gefe, an manna masa jar takarda. A jikin igiyarsa an ɗaura koren ƙyallen atamfa mai zanen kifi. Haka matanmu suke yi, kowace ta yago gefen zaninta ta ɗaura wa kayanta don kada su ɓace cikin na jama'a. Wannan ƙyallen kuwa ko cikin dubu Jabiru zai gane shi. Daga zanin marigayiya mahaifiyarsu aka yago shi, kuma a gabansa yayarsa Zubaidatu ta ɗaura.

Keken ɗinkinta ne a ciki. Shekara da shekaru tana taka shi a wani ɗan ɗaki a unguwar Waziriyya, da shi ta ciyar da Jabiru lokacin da ba shi da ko kwabo. Yanzu ta gaji, za ta koma Kano ta buɗe shago. Jabiru ne da ƙafarsa ya kai Munzali ɗakinta cin tuwo, ya ce abokin aikinsa ne a lodin kaya. Yana zaune Munzali ya russuna ya ce, "Yaya, ba ni kwafin iƙamarki, ni zan kai miki kargo, ki huta."

"Munzali," in ji Jabiru. "Kayan wa ne wannan?"

"Kai dalla kama mu tafi."

"Na ce kayan wa ne?"

"Ya akhi, ita kaɗai ce mai iƙama a cikinmu. Wa zai zargi mace mai ɗinki? Ai ga shi mun zo ɗauka. Halas, shi ke nan."

Daga ƙasa Muath ya ɗago kai, ya harhaɗo Hausarsa. "Akwati... an haska jiya. Askarawa sun sani. Sun tafi wajen mata ɗin."

A daidai lokacin, can Waziriyya, an riga an fito da Zubaidatu daga ɗakinta, takalmi ƙafa ɗaya, maƙwabta suna leƙe ta tagogi. Tana ta rantsuwa cewa keke ne da zannuwa da dabino. Babban askarin, shugaban 'yan sandan da suka zo kama ta, ya ce ta adana rantsuwarta, za su kai ta sito ta buɗe da hannunta. Ya tambaye ta wa ya kai kayan. Ta ce Munzali. Munzali wa? Ina takardunsa, ina gidansa? Ba ta sani ba. A wajen hukuma babu wani mutum mai wannan suna, ita kaɗai ce a rubuce.

Jabiru ya gane wannan tun kafin Muath ya rufe baki. In akwatin ya ɓace, ba ta tsira ba. Za a ce ita ta turo 'yan fashi su ɓatar da shaida. Wani irin baƙin ciki ya tokare masa ƙirji, rabinsa na Munzali, rabinsa na kansa.

"Ka san an haska," ya ce. "Ba ita ka zo ceta ba. Ƙarafanka ka zo kwasa."

"To uwata ce? Kai, kada ka kawo min raini. Ka kama ko in bar ka nan."

"Ta zuba maka tuwo da hannunta, ɗan iska. Ka ce mata Yaya."

Lado ya danna hon a waje. Daga nesa jiniya ta fara tasowa.

Munzali ya sunkuya zai ja akwatin shi kaɗai. Jabiru ya yar da bindigarsa, ya yi kukan kura ya fizge rawanin da ke fuskar ogan nasa, ya murɗo kansa ya juya shi saitin Muath da kyamarar da ke saman kanta.

"Kalle shi da kyau! Wa ya kawo akwatin nan?"

Muath ya zaro ido. "Huwa! Shi ne, wallahi shi ne!"

Tau!

Harsashin Munzali ya shiga cikin Jabiru. Ya durƙusa, amma bai saki ba. Ya rungume ƙafar Munzali da hannu biyu, ya maƙale kamar kaska.

"Sake ni, mahaukaci! Lado — Lado!"

Ina Lado? Yana jin ƙarar ya ba mota wuta, ko waiwaye bai yi ba.

Munzali ya dinga dukan kan Jabiru da gindin bindiga. Ya ja, ya shure, ya zagi uwa da uba da Hausa da Larabci. Ya sake ɗana kunama — Muath ya rarumo ƙarfen buɗe akwati ya sauke masa a hannu. Bindigar ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin kaya. Kafin ya rarrafa, askarawa sun cika ƙofa.

Zubaidatu ce ta shigo a bayansu, hannu da ankwa. Ƙyallenta ta fara gani, sannan ta ga wanda ke kwance cikin jini kusa da shi. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta ce, "Jabiru, lodin kayan ke nan? Wannan ne aikin da kake fita kullum?"

"Yaya," ya ce, idonsa yana rufewa, "ga mai kayan nan. Kada ku sake shi."

Sai da askarawa biyu suka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin su iya ɗaga Munzali. A lokacin rai ya riga ya yi halinsa.

An kama Lado a unguwar Balad kafin magariba, ya kuwa zazzage duk abin da ya sani tun ba a mare shi ba. Munzali ya tafi inda ba zai ƙara cin tuwon kowa ba. Shaidar Muath da hoton kyamara suka wanke Zubaidatu, amma bayan ta sha zaman tsare, kafilinta, wanda ya tsaya mata take zaune a ƙasar, ya ce ba ya son fitina, ya soke iƙamarta. Keken ɗinkin yana hannun hukuma a matsayin shaida. An binne Jabiru a Jidda tana kulle, har yau ba ta san kabarinsa ba. Abu ɗaya Muath ya iya kwantowa ya kai mata.

A filin jirgi, wata dattijuwa da ke zaune kusa da ita ta ga koren ƙyalle a dunƙule a hannunta. Ta ce, "'Yar nan, ki ɗaura a jikin kayanki mana, kada su ɓace miki a Kano."

Zubaidatu ta dubi 'yar ledar da ke kan cinyarta.

"Ba ni da kaya, Hajiya," ta ce.