Dariyar da Oga Ya Sayar

Duk wanda ya kalli shirin barkwancin nan na ofis ya san dariyar mijina. Shi ne masinja, mai kifar wa manaja shayi a wando. Oga, mai kamfanin da ke shirya shi, kullum cewa yake: "Nan babu ma'aikaci, duk 'yan'uwa ne." Munafukin banza!

Da shirin ya fara sanyi, masu talla suka janye, sai Oga ya nufi boka. Direbansa ne ya ba ni labari daga baya. Ɗaki ne a bayan wani mataccen gareji, ƙahonni rataye, jini ya bushe a bakin tukunya, ga tsohuwar talabijin tana haske ba a jona ta da wuta ba.

"So nake kowane gida ya kalli shirina," in ji Oga.

"Za a kalla," in ji boka. "Amma aljanina ba ya cin kuɗi, dariya yake sha. Naɗo mini ta mutanenka."

"In ya sha fa?"

"Ba ta komawa."

Oga ya ce: "Mutum nawa?"

Ya tara ma'aikatan a ɗakin naɗar murya, wai maimakon dariyar inji da ake sawa a bayan shiri, tasu za a sa. Mijina ya dawo baki har kunne: "Maman yara, Oga ya ce tawa ta fi ta kowa!"

Shiri ya karɓu. Oga ya yi gini, ya dinga wa'azin amana a taro. Sai mai kwalliya ta faɗi matacciya, baki buɗe. Mai kyamara ya tuɓe a titi. Matar Oga kuwa, ashe ranar naɗin ta ƙyalƙyale daga bakin ƙofa, makirufo ya kama. Yau ta haukace, a ɗaure take, shi kuma yana kwana a ƙofar bokan.

Mijina bai mutu ba, fuskarsa ce ta mutu. Kafin kamfanin ya rushe na je roƙon a mayar da shi aiki, Oga ya dube ni ya ce: "Mun sallame shi, ba shi da fara'a a wurin aiki." Wallahi ban yafe ba.

Mai son arzikin dare ɗaya, ka ji tsoron Allah, da ran wani za ka biya. Jiya aka maimaita shirin, autarmu ta ja hannunsa: "Baba, ji ka can! Yi mini irinta."

Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, sai hawaye.