Zinariyar Bakin Gawa

Clive Harbottle ya sayar da iyalinsa ido biyu. Duk wanda ya ce bai sani ba, ƙarya yake yi.

Shekara ashirin yana yawo a gonakin Northumberland da na'urar gano ƙarfe, yana tono kuɗin Rumawa. Gwani ne. Ko tsatsa ta cinye sule, da ya ɗora gilashin ƙara girma zai faɗa maka sarkin da ke jiki, daga hanci ko gemu kawai. Amma tagulla yake samu, shi kuwa zinariya yake so.

Wata Laraba da hantsi ya sauka wurin tsoho Ambrose, matsafin da ya gina gida a kan wani marmaro da Rumawa suka bauta wa. Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa. Ruwa baƙi ƙirin a tsakiya, dutsen yanka a gefe da busasshen jini, ƙoƙon kan mutum bakwai jere a bango, kowanne baki a wangame.

"Malam masani," in ji tsohon, "an gaji da tsintar marfin kwalba?"

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba."

"Me Rumawa ke sa wa gawa a baki?"

"Kuɗin fito. Na mai jirgin lahira."

"Zan nuna maka inda masu zinariya ke kwance. Amma wanda ka ƙwace wa kuɗin jirgi, gurbinsa ba ya tafiya fanko."

"Wa zai shiga?"

"Ba kai ne mai gane fuska ba? Duba kafin ka sayar. Wanda ka mayar bakin mai shi, babu komai."

Ya tsoma sule a ruwan, ya sa wa Clive ƙarƙashin harshe, ya raɗa masa sunan gonar da gawarwakin ke kwance.

Zinariyar farko, gemun na sarki ne, amma karyayyen hancin na ƙanensa Neville ne. Clive ya ajiye gilashin, ya kai ta gwanjo a Landan. Ya sayi gida da mota. Kafin sati, tarakta ta danne Neville.

Ta biyu, fuskar matarsa Maureen. Ya sayar. Maureen ta wuni a bakin ƙofa tana ba wa mutanen da ba a gani haƙuri, wai sun jiƙe sharkaf suna neman kuɗin jirgi. Bayan wata guda aka tsamo ta a kogi.

Ta uku, 'yarsa Rosalind, wadda shi ya koya mata sana'ar, ita ta ɗauki gilashin.

"Baba, wace sarauniyar Rum ce da tabo a haɓa? Nawa ne, na faɗuwar keke. Ka mayar."

"Lalacewar ƙarfe ce, 'yar nan."

"Kai ka koya mini bambanta tabo da lalacewa."

Ya karɓe zinariyar, ya sayar. Mai saye ya riga ya iso daga Zurich. Ranar Asabar Rosalind ta faɗi a tashar jirgin ƙasa, ba ta tashi ba.

Ku masu kwaɗayi, ku lura: ba a yaudari mutumin nan ba. Sau uku aka nuna masa fuskar, sau uku aka bar masa hanyar komawa.

Yana nan a gidan mahaukata, shekara goma sha tara. Ba ya gane fuskar kowa, har tasa a madubi. Bakinsa ya buɗe, likitoci sun kasa rufe shi. Kullum yana roƙon mutuwa, ba ta zo ba. Ba shi da kuɗin fito.