Aikin Rabiatou Ya Hau Mota

"Baban Mounira, ina takarduna?"

Ko sallama babu. Hassoumi ya gyara wayar a kunne, yana murmushin mutumin da ya yi abin kirki a ɓoye yana jiran a gano shi.

"Waɗanne takardu kuma, Rabi?"

"Kar ka yi mini haka! Devoir ɗina, aikin makarantar da na gama rubutawa! Na ajiye shi kan tebur, na shiga ba Baba magani, na fito babu shi, babu kai!"

"Kwantar da hankalinki, ranki ya daɗe. Yana nan gefena cikin ambulan. Yanzun nan na shigo Parakou."

"Inna lillahi... Parakou?"

"Zan miƙa miki shi a biro, ofishin makaranta. Kamar da."

"Wane biro, Hassoumi?!"

Rabon da Rabiatou ta kira sunansa gatsal haka tun kafin aurensu. Murmushin ya gudu ya bar shi.

Kamar da ɗin nan kuwa ta yi nisa. Lokacin Hassoumi saurayi ne ɗan Dosso, siriri, yana jan tsohuwar Fijo tsakanin Parakou da Djougou. Ita kuwa 'yar Alhaji Abdulbaƙi na Djougou ce, jikan fataken goro, wanda ke son 'yarsa ta yi jami'a amma ba ya son ta kwana a wani gari. Sai ya sa ta karatu daga nesa. Darussa na isowa wani biro a unguwar Ladjifarani ta Parakou, dole a samu mai karɓowa, ya kuma mayar da aikin da ta rubuta.

Alhaji ya je tasha da kansa, ya duba direbobi ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi Hassoumi. A ganinsa babu 'yar da za ta dubi mai irin waɗannan kunnuwa sau biyu.

Alhaji ya san goro. 'Yarsa ce bai sani ba.

Hassoumi kan ɓoye takardun ƙarƙashin kujerarsa, nesa da buhunan doya da bakin awaki. Ya tsaya a zaure, ta fito ta karɓa, ta yi ta juya shafuka fuska a ɗaure.

"Akwai shafin da babu."

"Wallahi haka aka ba ni..."

"To ka koma ka tambaya. Ka dawo jibi."

Ya yi ta rigima da mutanen biro kan shafukan da ba su taɓa ɓata ba. Sai bayan ɗaurin aure ta gaya masa gaskiya, tana dariya har da hawaye.

Daga nan rayuwa ta yi abin da ta saba. Mounira ta zo, tagwaye suka biyo ta, shagon atamfa ya buɗe a unguwar Guéma ta Parakou. Karatu ya tsaya saura shekara guda, aka ce sai baɗi, baɗi kuma ta yi ta haihuwar wata baɗin.

Bara ɓarin jikin Alhaji ya shanye. Rabiatou ta koma Djougou jinya. Wata rana ya riƙe hannunta da hannunsa mai lafiya ya ce, "Na ɗora ki kan hanya, ban ga ƙarshenta ba." A makon ta sake rajista.

Hassoumi ya fi kowa murna. Yanzu yana da tumbi, yana da motocin da wasu ke ja masa, amma ya sa aka wanke masa ɗaya, ya zauna jiran aike. Mu maza in furfura ta fara haka muke, ba ma tambaya ko duniya ta sauya, sai mu wanke mota. Aike bai zo ba. Darussa na sauka cikin wayarta, aiki na fita ta cikin wayarta. In ya je Djougou dubiya, sai ya tarar da ita ta sunkuya kan gilashin nan kamar mai duba.

Shi ya sa yau da safe, da ya ga takardu na gaske, rubutun hannunta na gaske, zuciyarsa ta koma ta ɗan Dosso mai Fijo.

"Hassoumi, kana ji na?" Muryarta ta dawo da shi. "An rufe biron nan tuntuni! Malamin ya ce a rubuta da hannu, a ɗauki hoto, a tura. Sha biyun rana suke rufewa!"

Ya taka birki a gaban ginin da ya sani. Ƙofar na nan, bishiyar mangwaron na nan. A saman ƙofar kuwa hoton kaza ne, ana sayar da kajin ƙanƙara.

"Shi ne aikina na ƙarshe," ta ce. "In bai shiga ba sai baɗi. Ka ga Baba jiya da idonka. Ka gaya mini, baɗi..."

Ya dubi agogon mota. Sha ɗaya ta wuce. Ko fiffike gare shi ba zai kai Djougou ba.

"Rabi... gaya mini abin da zan yi."

"Ɗauki hoton kowane shafi ka turo mini ta WhatsApp. Ni zan shigar."

Ya baje takardun kan murfin injin mota, ya danna.

"Baban Mounira, wannan fuskarka ce. Na san ta. Juya kyamarar!"

Ya juya. Ya sake dannawa.

"Ba ya karantuwa! Ina tabaranka?"

"Idona lafiya lau..."

"Yana aljihunka na hagu. Sa shi!"

Ya waiga dama da hagu, ya sa. Wata tirela ta wuce, iskarta ta ɗaga shafukan, ya faɗa kansu da tumbinsa. Daga nan bai sake yarda da iska ba, kowane shafi sai ya danne shi da hannu ɗaya ya ɗauka da ɗayan. Zufa na ɗiga daga haɓarsa, murfin injin na gasa shi, masu sayen kaji sun tsaya kallon babban mutum yana ɗaukar hoton takarda yana salati.

"Na ƙarshe ke nan."

"Sun iso. Tsaya... rezo na juyawa, intanet ba ƙarfi. Kar ka kashe."

Bai kashe ba. Yana jin numfashinta, can bayanta kuma tarin Alhaji.

"Me ya sa ka ɗauka?" ta tambaya a hankali.

"Tun da kika koma karatun nan ba ki aike ni ba. Ko sau ɗaya." Ya share goshi. "Ni ban yi lakwal ba, Rabi, ban san boko ba. Hanyar nan kaɗai na iya miki."

Ya ji ta ja hanci.

"Ya shiga... Ya shiga! Baba, ya shiga, sun karɓa!"

Hassoumi ya zauna daɓas a bakin kwalta. Ya ji tana kuka, ya ji Alhaji da murya mai nauyi yana jan hamdala da ƙyar, sannan ya ce a ba shi ɗan Dosson nan.

"Hassoumi..."

"Na'am, Baba. Ina jin ka."

"Har yanzu... ba ka yi hankali ba?"

"Ban yi ba, Baba."

"To... Allah ya yi maka albarka."

Rabiatou ta karɓi wayar, kuka da dariya sun haɗe mata.

"Masoyi, ka san abin da ka yi kuwa? Babban yatsanka ya fito a kowane shafi. Kowane ɗaya! Me malamin zai ce?"

Ya cire tabaran, don ƙwalla ta hana shi ganin komai ta cikinsa.

"Bar shi ya gani," ya ce. "Ya san kina da miji."