Ɗinkin Bahaguwa

A cikin miyagun halaye, wanda ya fi muni shi ne mutum ya ari hannun ɗan'uwansa ya aikata ɓarna, shi kuma ya koma gefe yana ƙamshi. Cin amanar gida ke nan, mai yin sa kuwa ba ya gamawa lafiya. Ku natsu, 'yan mata, ku ji yadda ta kaya.

"Dube ni!" Auta ta ce, tana riƙe da ƙarafan tagar gidan yari da hannu biyu. "Kai ka kashe Yaya?"

Makanike ya ɗago kai. Wata uku a tsare sun ramar da shi, har baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa ya fita, wanda saboda shi take tsokanarsa da suna Baƙin Mai.

"Ban kashe shi ba, Autata."

"Kada ka sake ce min Autarka! Me ya kai ka gareji ranar Lahadi, ranar da ba ku aiki? Me ya sa aka ga sifanarka kusa da gawarsa, da jini?"

Ya yi shiru.

"Jibi alƙali zai yanke hukunci... Ka buɗe baki mana! Ko ƙarya ce ka yi min, in samu abin riƙewa!"

Bai dubi fuskarta ba. Hannunta na hagu ya tsura wa ido, wanda take ɗinki da shi.

"Abu ɗaya nake roƙon ki," ya ce a hankali. "Kada ki ƙara yi wa kowa ɗinkin hannu."

"Ɗinki? Ina maganar ran ɗan'uwana kana min maganar ɗinki? Allah ya isa tsakanina da kai!"

Ta juya da gudu tana kuka.

Dama tun farko Baba ba ya son neman auren da Makanike yake yi mata. Cewa yake yi yaron da ke kwanciya ƙarƙashin motar mutane ba zai iya riƙe gida ba. Zaɓinsa ɗan Kawu ne, mai motocin ɗaukar kaya biyu, wanda ake ce wa Mai Turare domin ƙamshinsa yakan riga shi shiga gida. Shi ya ba Yaya aikin direba. Shi ne kuma ya kawo wa Auta aikin rigunan kujerun mota goma sha biyu masu shafi biyu, ya ce ta bar bakin shafin a buɗe, ta rufe da hannu bayan ya cusa soso, wai ɗinkin keke ba ya ƙarko.

Da ta koma gida daga gidan yarin ta tarar da Mai Turare a ɗakin ɗinkinta yana ɗaga tsummoki.

"Sannu, ƙanwata," ya ce. "Ragowar yadin kujerun nan nake nema, da takardar awon. Gara in kawar miki da su, kada su riƙa tuna miki da marigayi."

"Na zubar," ta ce. Ita kanta ba ta san me ya sa ta yi ƙaryar ba.

Ya fita, ƙamshinsa ya zauna.

Kaka tana kan tabarma a kusurwa tana jan carbi, ba wanda ya lura da ita. Da Auta ta gan ta, sai ta faɗa mata yadda suka yi da Makanike.

"Ƙawata," ta ce, "mutum biyu yau sun yi miki maganar ɗinki. Ɗaya yana bakin mutuwa, ɗaya yana rawar jiki. Ke ba ki ji komai a ranki ba?"

Auta ta zube a gabanta.

"Kaka, na yi masa Allah ya isa... kuma ban tabbatar ba. In ba shi ba ne fa?"

Tsohuwar ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata baƙar allura a naɗe cikin takarda.

"Kin tuna dukan da nake miki in kin juya keken nan baya?"

"Kin ce zare zai cukurkuɗe."

"Na ce, amma ba shi ke nan ba. Keken nan na uwata ne, ya zo da allura uku irin wannan, saura ɗaya. In aka sa ta, aka taka shi baya a kan ɗinki, zai warware ɗinkin, ya warware kwanakin da suka biyo baya, ya ajiye mai takawa a ranar da aka yi ɗinkin. Sau ɗaya allurar take aiki ta karye. Ba wanda zai tuna komai sai ke."

Auta ta waiwayi keken. Rigar Yaya tana nan a ƙarƙashin allura, aljihunta rabi a ɗinke. Ita take gyara masa safiyar ranar da ya rasu, ya gaji da jira ya sa wata ya fita. Wata uku ke nan ba ta iya taɓa ta ba.

"Kaka, me ya sa ba ki yi amfani da ita ba da kakanmu ya rasu?"

"Shi ciwo ya ɗauke shi, ya gama kwanansa. Wannan kuwa hannun mutum ne. Kuma kada ki ɗauka wayonki ne zai sauya wani abu. In an ba ki dama, ita ma a rubuce take. Amma faɗa min tukuna, wa za ki je nema? Yayanki, ko saurayinki?"

"Gaskiya zan je nema, Kaka. In shi ne, in gani da idona in cire shi daga raina. In ba shi ba ne... in durƙusa."

"To, taka."

Ta sa allurar, ta yi bisimilla, ta kama ƙafar keken ta juya baya. Zaren ya fara fita daga aljihun ɗaya bayan ɗaya. Hasken taga ya riƙa sauyawa kamar ana kaɗa labule. Sai ta ji ƙas! allurar ta karye.

"Haba Auta! Aljihu ɗaya sai ka ce kina ɗinka tanti? Bar shi, zan sa wata."

Yaya ne tsaye a bakin ƙofa, da makullin mota a yatsa, da gashin bakinsa da bai gama askewa ba.

Ta yi tsalle ta ƙanƙame shi tana rusa kuka.

"Yaya! Yayana!"

"Ikon Allah! Kaka, zo ki ga, ƙawarki ta zautu a kan aljihu."

"Sakar min miji, ja'ira," in ji Kaka. Amma idonta yana kan karyayyar allurar da ke ƙasa, ta sunkuya ta tsince ta.

Auta ta so ta hana shi fita. Sai ta yi tunani, in ta tsare shi yau, mai son ransa zai dawo gobe, ita kuma ba ta san ko wane ne ba. Ta bar shi ya tafi, ta ruga ɗakin Baba.

"Baba, taso mu je gareji, ka ga abin da Makanike yake yi a ɓoye."

Baba da ke kukan ciwon gwiwa tun asuba, sai ga shi ya miƙe kamar saurayi.

"Ai na faɗa miki! Miƙo min hulata."

Suka shiga ta ƙofar baya, suka laɓe bayan tarin tsofaffin tayoyi. Babbar motar Mai Turare tana tsaye, an cire kujerar direba an ajiye a ƙasa. Makanike yana durƙushe a gabanta, Yaya yana tsaye a kansa.

"Wayar wuta nake bi a ƙarƙashin kujera jiya, na ji sosonta da tauri," in ji Makanike. "Duba."

Ya zura hannu cikin shafin, ya zaro ledoji cike da ƙwayoyin da hukuma ta haramta.

Yaya ya dafe kai.

"Innalillahi! Sau shida ina tsallaka iyaka a zaune a kan wannan? Wallahi ban sani ba!"

"Na san ba ka sani ba. Ba wannan ya hana ni barci ba. Dubi bakin shafin."

"Ɗinki ne mana."

"Kowane tela allurarsa gefen dama take kwantawa. Wannan hagu ta kwanta, kuma kowane taku biyar da ƙulli. Ga irinsa a gwiwar wandona, ita ta yi min faci. Duk garin nan mutum ɗaya ke irin wannan ɗinki. Ranar da jami'an kan iyaka suka farke kujerar nan, ba mai motar za su fara nema ba, mai ɗinkin za su nema."

Auta ta toshe bakinta da gyale.

"Mu kai ƙara," in ji Yaya.

"Za mu kai, amma sai na warware ɗinkinta kaf, duka goma sha biyun. Ko za a rataye ni, sunanta ba zai fita daga bakina ba. Jira ni, in sayo reza."

Ya fita. Hawaye suka wanke wa Auta fuska. Ashe shirun ke nan! Wata uku yana haɗiye magana, ita kuma ta saka masa da Allah ya isa.

Baba ya yunƙura zai tashi, ta danne masa hannu. Wani ƙamshi ne ya shigo garejin, ya danne warin mai.

Mai Turare ya tsaya, ya dubi kujerar, ya dubi Yaya, ya yi murmushi.

"Ɗan'uwa, ka shiga abin da ba ruwanka."

"Kai ne ɗan'uwa? Ka sa ƙanwata ta ɗinka maka wannan ƙazantar?"

"To wa zan sa? Telan kasuwa, ya tona ni? Ka yi tunani mana. Ita ta ɗinka, kai ka tuƙa, ni hannuna ba ya ko'ina. In ta fashe ku za ta ci. In kuma na aure ta, shi ke nan, magana ta mutu a cikin gida."

"Yau Baba zai ji wannan."

Yaya ya juya zai fita. Mai Turare ya sunkuya, ya ɗauki sifanar Makanike, ya ɗaga ta saitin ƙeyarsa.

"Yaya, bayanka!"

Auta ta ture tarin tayoyin da duk ƙarfinta. Suka gangaro, ɗaya ta bugi ƙafar Mai Turare ya yi tangaɗi. Ya sake ɗaga ƙarfen, wannan karon kanta ya nufa. Sai Makanike ya faɗo tsakani kamar an jefo shi, ya tare da hannu. Kowa ya ji ƙarar karyewar ƙashi. Yaya ya kama ƙugun Mai Turare ya maka shi da ƙasa, ya zauna a kansa.

Baba ya fito yana ɗingishi, hularsa a karkace.

"Baba... bari in yi maka bayani," in ji Mai Turare daga ƙasa.

"Ka riga ka yi, da bakinka. Ni na yi maka huɗuba ranar da aka haife ka. Tir!"

Ba a warware ɗinkin ba. Baba ya ce a bar shi yadda yake, shi da kansa zai tsaya ya faɗi abin da kunnensa ya ji. Haka kuwa aka yi. Aka saurari Auta da Yaya aka sallame su, aka bi sawun sauran 'yan fasa-ƙwaurin aka tattara su.

Da yamma, a asibiti, Baba ya daɗe tsaye a gefen gadon Makanike yana murza hula. Tsoho ne da ba ya iya ba da haƙuri.

"Yaro," ya ce daga ƙarshe, "wannan baƙin farcen naka... a bar shi haka. Ka turo manyanka."

Da ya fita, Auta ta durƙusa har ƙasa.

"Me ye haka, hasken idona? Tashi mana, mutane suna kallo."

"Na gode, Baƙin Mai. Na gode... kuma ka yafe min."

"Don hannu ɗaya? Ai da saura ɗaya. Ga shi ma hagun ne ya rage, mun zama daidai."

"Ba don hannun ba. Don wata ukun da ka yi shiru."

Ya ƙyalƙyale da dariya har ciwon ya sa ya yamutsa fuska.

"Ni? Yaushe na taɓa yin shirun minti uku? Tambayi yaran gareji."

"Ka yi. Ni na sani."

Bai gane ba, ba ta kuma taɓa yi masa bayani ba. Amma har suka tsufa, in ya ɓata mata rai ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tuna tagar nan mai ƙarafa, ta tashi ta kawo masa ruwa.

Ranar ɗaurin aure Yaya ya sa rigar nan, an ƙarasa mata aljihu. Auta ta kwantar da kai a cinyar Kaka.

"Kaka, da me zan saka miki?"

"Da allura sabuwa, kin karya min tawa. Ki kuma gode wa Wanda ya ba ki dama, ba ni ba."

Shi kuwa Mai Turare, ga abin da ya girba. Motocinsa biyu hukuma ta kwashe. Shekara goma sha huɗu alƙali ya ba shi. Yarinyar da ya so ya ɗaure da ɗinkinta, wanda ya raina ne ya aure ta. Mahaifinsa ya rasu bai yarda an ambaci sunansa a gabansa ba. Cikin dangi kaf ba wanda ya taɓa taka ƙofar gidan yari don shi. Ko turaren ma, a bakin ƙofa aka karɓe kwalbar.