Reshen Da Dogo Ya Karya

Auta na tsakar gida tana shanya, amma kunnenta na bakin ƙofa. Gwaggo, ƙanwar mahaifinta da ta zo musu wuni, ta kalle ta ta taɓe baki.

"Wannan rigar tun ɗazu kike shanya ta kina kwashewa. Igiyar ce ba ta yi miki ba?"

"Kai Gwaggo!"

"Kai ɗin me? Wuce, ga sallamarsa can."

Dogo ne kuwa, mai gyaran waya a bakin titi, wanda manyansa ke shirin zuwa neman aurenta. Yaro ne mai kirki, aibunsa ɗaya tak: gaggawa. Komai nasa yanzu-yanzu ne, ko shayi a tsaye yake sha. Ranar ce kuma aka fara ce masa ya shigo harabar gidan ya jira.

A harabar nan akwai itacen wardi mai rawayan fure, jikin katanga. Marigayiya Umma, mahaifiyar Auta, ita ta zo da reshensa daga gidan kakarta a cikin jiƙaƙƙen tsumma lokacin aurenta. Itace ne mai taurin rai: awaki sun ci, fari ya yi, har bulo ya taɓa faɗo masa, duk ya sake toho. Da Umma na da rai, duk wanda ya yaba sai ta yanko masa reshe. Tun da ta rasu Baba ya rufe wannan ƙofa. Shi ke ba shi ruwa da kansa, ko ganye ba mai taɓawa.

Rashin sani ya fi dare duhu! Auta na fitowa ta tarar da Dogo ya ɓoye hannu a baya yana washe baki.

"Rufe idonki, na zo miki da tsaraba."

Tana buɗewa ta dafe ƙirji. Reshe ne guda, da furanninsa.

"Na shiga uku! Dogo, me ka yi?"

Bai kai ga amsawa ba sai ga Baba a ƙofa da butar ban-ruwa. Ya dubi reshen, ya dubi inda aka karyo shi, fuskarsa ta canza.

"Wa ya ba ka?"

"Baba sori… a yi haƙuri, wallahi ban sani ba."

"Hannun da ya karya abin da bai shuka ba tun bai shigo gida ba, shi zan danƙa wa 'yata?"

Gwaggo ta fito da gudu, ɗankwali a hannu. "Haba Yaya! A kan fulawa?"

"A kan fulawa! Kai, tafi da reshenka. Ran da ka dawo min da shi a raye, ka turo manyanka. Kafin nan kada in ga ƙafarka."

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son Dogo, tana kuma tausayin mahaifinta, ta rasa wanda za ta ba laifi. Gwaggo ta zauna kusa da ita ta dungure mata kai.

"Share hawayenki, sakarya. Yaya ya faɗi haka ne don ya kore shi, ya manta da irin wannan reshen uwarki ta cika unguwa da fulawa. Ba ke ce mai riƙe mata wuƙa ba? Ɗauko wayarki ki kira shi."

A waya Auta ta koya masa komai. Ya cire furannin, ya rage ganye, ya huda gindin gwangwanin fenti, ya haɗa yashi da tsohon taki, ya ajiye a inuwa.

"Ruwa kaɗan-kaɗan. Kuma don Allah kada ka tuge shi don ka ga ko ya yi saiwa."

"Ya aka yi kika san abin da ke raina?"

"Na san kayana."

To fa, an ba mai gaggawa raino! Dogo ya ajiye gwangwani a bayan teburin shagonsa, tsakanin kwalin caja da matattun batura. Yana gyaran waya yana leƙe. Abokai suka sa masa suna Uban Fulawa, kwastomomi na tambayar lafiyar jariri. Ran da sauran ganyen suka zube ya kira ta.

"Shi ke nan, ya mutu!"

"Karce ɓawon da farce. Kore ne?"

"…Kore ne."

"To ka ƙyale shi, malam."

Aka daɗe, har Dogo ya rame, sannan jajayen toho suka ɓullo. Ganye ya biyo baya. Wata safiya sai ga ɗan kan fure a can sama, bai buɗe ba, rawaya na leƙowa. Don murna, Dogo ya fara kiran Gwaggo, ita kuwa ta tasa Baba a gaba da magiya har ya yarda zai biya ta shagon in furen ya buɗe. Sai bayan nan ya tura wa Auta hoto.

Ta kira shi, sai ya ji tana jan hanci.

"Dogo, sai ka tsinke shi."

"In me?"

"Umma ba ta barin furen farko. Saiwar ba ta yi ƙwari ba, furen zai shanye ƙarfin. Zai iya buɗewa ya yi kyau, daga baya itacen ya bushe."

"Haba Auta! Baba na ganin fure an gama magana. In ya bushe daga baya, ai an riga an sa rana!"

"Na sani. Ni ma na gaji da jira, wallahi. Ba zan tilasta maka ba, amma reshen Umma ne."

Ya daɗe a tsugune gaban gwangwanin, zuciyarsa na ce masa wa zai sani. Daga ƙarshe ya runtse ido ya sa farce.

Da su Baba suka zo da zaton furen ya buɗe, Gwaggo ce a gaba tana baza mayafi.

"Ina furen da ka cika min kunne da shi?"

"Na tsinke, Gwaggo."

"Ka me? Kai wannan yaro, hannunka ba ya zama lafiya ne?"

Baba ya matso. Ya tsuguna ya duba inda aka tsinke, sannan ya ɗaga gwangwanin. Fararen saiwoyi sun fara leƙowa ta hudojin.

"Ka san da na tarar da fure, da magana ta ƙare?"

"Na sani, Baba."

"To don me?"

"Auta ta ce zai iya kashe shi. A raye ka ce in dawo da shi, ba ka ce da ado ba."

Baba ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Haka uwarta take yi, ni ina faɗa wai tana ɓarnar fure." Ya nisa. "Yaro, tsoro ne ya sa ni faɗa. Su biyu suka rage min, itacen nan da Auta. Na ga ka karyi ɗaya, kana miƙa hannu ga ɗayar." Ya miƙa masa gwangwanin. "Turo manyanka. Wannan kuma kada ka dawo min da shi, ka dasa a gidan da za ku zauna."

Dogo ya durƙushe ya karɓi gwangwanin da hannu biyu.

"To ni fa, Yaya?" in ji Gwaggo. "Shekara nawa ina roƙon reshe ɗaya?"

"Ki zo da gwangwaninki, uwar surutu."

Da labari ya kai wa Auta ta sake fashewa da kuka, na daɗi wannan karon.

Samari da 'yan mata, ku riƙe wannan: so na gaskiya ba ya rasa haƙuri. Wanda ya iya haƙura da fure don saiwa ta kama, shi ake ba amanar 'yar mutane da zuciya ɗaya.