Ƙaurar Mai Tattabaru

A can wani zamani, an yi wani mutum mai tattabaru goma da kyanwa guda. Bai taɓa watsa musu ko ƙwayar gero ba, amma kullum ka gan su ɓul-ɓul. Shi kuwa sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ai sun san ubangidansu."

Da ya gina sabon gida a bayan gari ya tashi ƙaura, sai maƙwabciyarsa, wata tsohuwa mai surfe, ta ce, "Malam, in ka kai su, ka rufe su kwana bakwai kana ba su tsaba har su saba."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Iya, ai sun san ubangidansu."

Yana isa ya buɗe kwando. Kafin la'asar babu tattabara ko ɗaya, kyanwa ma ta bi sahu.

Ya dawo tsohuwar unguwa yana haki. Ga tattabarunsa sun kewaye turmin tsohuwar suna tsintar tsaba, ga kyanwa tana lasar sauran fura. Ya fusata ya ce, "Iya, kin sace mini dabbobi!"

Ta ce, "Ni? Kira abinka, Malam."

Ya yi fito, ya tafa hannu, ya yi kira har muryarsa ta dishe. Ko ɗaga kai ba su yi ba. Tsohuwa ta girgiza ƙwarya sau ɗaya, suka yo kanta gaba ɗaya.

Ta dube shi ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Sun san shi."