Wanda Ya Murɗe Sikeli

Auduga da sifirit ne suka tona asirin. Ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin cibiyar binciken cututtuka ya gaji da ƙorafin likitoci, wai sababbin injinan da aka kawo sun fi tsofaffin nawar aiki. Ya kwance ɗaya, ya ciro firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, ya goga audugar don ya share man da ke kai. Lambar da ke jiki ta biyo audugar. A ƙarƙashinta akwai wata lamba, ta tsohon yayi da aka daɗe da daina ƙerawa.

Sufeto Tsinke ne aka tura. Siriri ne, marar fara'a, kuma ya daɗe da daina mamakin ɗan Adam.

"Ba ku gwada kaya kafin ku karɓa?" ya tambayi ma'aikacin.

"Mun gwada, yallaɓai. Da Sikeli muka auna, ya ce lafiya lau."

"Wane ne Sikeli?"

"Manhaja ce. A cikin kowane firosesa akwai 'yan ma'ajiyoyi da ke ƙirga aikin da ya yi. Sikeli yana karanta su, ya faɗa maka saurin injin. Kyauta ne, kowa na iya duba cikinsa, shi ya sa duniya ta yarda da shi."

Ɗan kwangilar da ya kawo kayan ya riga ya cika wandonsa da iska. Amma wanda ya murɗe ma'aunin yana gari. Ma'aikacin ya nuna wa Sufeto wani gyara da aka shigar a Sikeli 'yan makonni kafin kayan su iso, irin wanda masu sana'ar ke kira faci. Rabinsa gyara ne na gaskiya: ya sa Sikeli ya riƙa tambayar firosesa yawan ma'ajiyoyinsa, ya daina zato. Ɗaya rabin kuwa, in ya ci karo da irin waɗannan jabun, sai ya ninka sakamakon. Sufeto ya sa aka gwada masa tsohon Sikeli na kafin facin a kan injin guda, ya zauna ya ga abin da ya faru, sannan ya hana ma'aikacin faɗa wa kowa.

Facin yana ɗauke da sa hannun Auta, ɗaya daga cikin masu gyaran Sikeli.

Ɗakin masu gyaran Sikeli yana saman wani shagon ɗab'i, ƙasa na rawa duk lokacin da injin buga takardu ya tashi. Kantoci cike da tsofaffin kwamfutoci marasa murfi, wayoyi sun sarƙe a ƙarƙashin tebur, fanka ɗaya tana juyawa da ƙyar. Mutum uku ne ƙashin bayan wurin, sauran abokan aikin suna warwatse a duniya, ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Ba mai biyan kowa. Abin da mutum ke samu shi ne suna, kuma sunan Auta ya kai inda facinta ke wucewa ba a tsaya dogon bincike ba. Ita ke riƙe da makullin sa hannu, wato lambar sirrin da ke tabbatar da cewa daga wurinta faci ya fito. Da labarin ya fasu, abokan aikin na nesa suka soke makullin a rana ɗaya, suka kuma rubuta dalili a inda kowa zai karanta.

Sufeto ya sami Auta zaune, jaririya a baya, idanu sun kumbura.

"Sa hannunki ne?"

"Makullina ne. Ba hannuna ba ne."

"Ina kike lokacin da aka shigar?"

"Ina jego. Ko kwamfuta ban buɗe ba."

"Ana iya turawa daga kan gado."

"Ana iya," ta ce. "Amma ka duba duk facin da na taɓa yi. Ba na gyara kuskure sai na fara rubuta gwajin da zai nuna shi. Wannan ba shi da gwaji."

"Mai son ɓoye abu ai dole ya tsallake gwaji."

Ta gyaɗa kai, don ta san gaskiya ya faɗa.

"Wa ya san makullin?"

"Ba kowa. Tun ina koyo aka ƙirƙira shi, Kawu na tsaye a kaina. Ban taɓa ba wani ba."

Na biyu shi ne Dogo, wanda ba ya iya magana ba tare da ya ɓata wa wani rai ba. Shi aka danƙa wa makulli bayan an karɓe na Auta, kuma kowa ya san ya daɗe yana so.

"Ka ci riba," in ji Sufeto.

"Ribar me? Aikin kyauta ne ya ƙaru a kaina, matata har ta daina yi mini magana."

"Kai ke duba faci lokacin da take hutu?"

"Ni ne."

"Ka ga wannan ka bar shi ya wuce."

Dogo ya harari bango. "Na tsayar da shi. Na ce ina gwajin? Auta ba ta turo abu tsirara haka. Na ɗauki waya zan kira ta, Kawu ya ce in ji tsoron Allah, yarinya na fama da jariri, in bar ta ta huta. Ya ce ya karanta, lafiya lau ne. In Kawu ya ce ya karanta, wa zai sake karantawa?"

Kawu wan mahaifiyar Auta ne, amma duk ɗakin Kawu suke ce masa. Shi ya kafa wurin, shi ya koya wa su biyun sana'a. Yanzu ido ya yi rauni, yana zama bakin taga da kofin shayi, yana gyara wa mutane kuskure ko ba su tambaye shi ba.

"Ɗana, a yi mata sassauci," ya ce wa Sufeto tun kafin a tambaye shi komai. "Mai jego ce, ga rashin barci. Wataƙila wani ya turo mata, ta sa hannu ba ta duba ba. Ni na rene ta, ba muguwa ba ce."

Sufeto ya lura cewa wannan kariyar ta fi zargi nauyi. Duk mai jin ta zai tafi da yaƙinin cewa Auta ce ta sa hannu.

"Ka karanta facin?"

"Sama-sama. Ka ga idon nan."

"Ka san ɗan kwangilar?"

"Ko a hanya."

"Ka taɓa ganin irin jabun firosesan nan?"

"Ina zan gani? An ce ku kun kulle su."

Washegari da hantsi Sufeto ya hawo benen yana nishi, rungume da wata kwamfuta a cikin tsohon akwati mai tsatsa. Ya dire ta a tebur.

"Ta ofishinmu ce," ya ce. "Nawa take yi, har na fara zargin ni ma an cuce ni. Ku auna mini ita. Amma da tsohon Sikeli, na kafin facin nan, don sabon ban yarda da shi ba."

Dogo ya yi tsaki, amma ya jona wayoyi. Auta ta gyara goyo ta ja kujera. Kawu yana can bakin taga, inda ko allon ba ya hangowa. Aka kunna Sikeli. Lambobi suka fara gangarowa, sai komai ya tsaya cak. Dogo ya daddanna, ba motsi.

"Ta sandare," ya ce. "Zafi ne, fankarta ta mutu."

"Fanka na juyawa," in ji Auta. "Ban taɓa ganin Sikeli ya yi haka ba." Har muryarta ta canja. Masu wannan sana'a in suka ga sabon kuskure, mantawa suke da baƙin cikinsu.

Suka gwada wannan, suka gwada wancan. Kawu ya fara motsi a kujera, ya ajiye kofi, ya sake ɗauka. Sufeto bai kalli allon ba ko sau ɗaya.

"A kashe a sake kunnawa," in ji Dogo. Auta ta miƙa hannu wajen soket.

"Ke, kar ki kashe!" Kawu ya daka tsawa. "Sau nawa zan faɗa muku, ba a kashe injin da bai gama faɗin ciwonsa ba? Ku ba shi lokaci, zai dawo da kansa. Ma'ajiya ta biyar Sikeli yake nema, firosesan kuwa huɗu gare shi."

Hannun Auta ya tsaya a iska. Ƙasa ta yi rawa, injin ɗab'i ya tashi. Can sai allon ya motsa, saƙon kuskure ya fito, kuma abin da Kawu ya faɗa ne, ba ragi ba ƙari.

Sufeto ya ja kujera ya zauna gaban tsohon.

"Wannan ba ta ofishinmu ba ce, Kawu. Ɗaya ce daga cikin jabun, akwati kawai na canja mata. Jiya ka ce ba ka taɓa ganin irinta ba."

"Ai facin ya nuna..."

"Facin cewa ya yi a tambayi firosesa yawan ma'ajiyoyinsa. Bai ce huɗu ba. Bai ce injin zai sandare ba, balle ya ce zai farfaɗo da kansa. Waɗannan biyun sun karanta shi har sun haddace, ga shi ba su sani ba. Ni na sani don na zauna na jira shi a cibiya. Kai a ina ka jira shi?"



"Abin da ya dame ni tun farko," Sufeto ya ci gaba, "shi ne rabin facin gyara ne mai kyau. Ba a gyara kuskuren da ba a gani ba. Wanda ya rubuta shi yana da jabun nan a hannu tun kayan ba su iso ba. Ya gwada, Sikeli ya sandare, dole ya gyara wannan kafin ƙaryarsa ta yi aiki. Dogo ba shi da makulli a lokacin, kuma shi ya nemi tsayar da facin. Auta yanzun nan za ta zare waya. Saura wanda aka ƙirƙiri makullin a gabansa. A kan kwamfutar wa aka yi, Auta?"

"Tasa," ta ce, da ƙyar aka ji.

Tsohon ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Da ya yi magana, babu kunya a muryar, sai ɗaci.

"Ƙuruciyata na zuba a cikin abin nan. Manyan kamfanoni na auna injinansu da shi, ko sannu ba wanda ya taɓa ce mini. Idona ya tafi a kan allon nan. Mutum ɗaya ne ya taɓa hawo benen nan ya ce aikina na da daraja, shi ma ɓarawo ne. To, na karɓa."

"Me ya sa da sunana, Kawu?" in ji Auta.

"Nawa ya tsufa, sai an duba. Naki ne ba a dubawa." Ya mayar da tabarau. "Na ɗauka ko ya fito za a ce kuskuren mai jego ne, a yafe miki."

"Ka ɗauka," ta ce. Ta juya tana jijjiga 'yar da ta farka.

A gidansa aka samu injin gwajin a ƙarƙashin gado, da kwafin makullin. Sufeto ya sauko da shi benen yana riƙe da hannunsa, don tsohon ba ya ganin matakala sosai.

Bayan kwana biyu Sufeto ya koma ɗaukar kwamfutar shaida. Ya tarar da Auta a gaban allo, Dogo na tsaye.

"An mayar miki da makulli?" ya tambaya.

"Sun ba da haƙuri," in ji Dogo. "Amma sun ce makullin da ya yi shekaru a hannun wani mai shi bai sani ba, sai a hankali. Yanzu ta hannuna za ta riƙa turawa, kamar sabon shiga. Wallahi ni kaina kunya nake ji."

"Sai ku goge facin, a huta."

"Ba a gogewa, yallaɓai," in ji Auta. "Tarihin manhaja ba ya goguwa, kowa a duniya na da kwafinsa. Sai dai ka ɗora wani gyaran a kai."

Ta cire layukan da ke ninka sakamako. Ɗaya rabin kuwa ta rubuta masa gwaji, ta gwada, ya wuce lafiya, ta ware shi a matsayin faci mai zaman kansa. Da ta zo inda ake rubuta wanda ya gano kuskuren, ta dakata.

"Sa naki," in ji Dogo. "Bai cancanta ba."

"Shi ya gano. Kuma gyaran daidai ne, ko ni ba zan yi wanda ya fi shi ba."

Ta rubuta sunan kawunta, ta tura wa Dogo, ta tashi ta gyara goyo.

Da Dogo ya shigar da shi, Sufeto ya leƙa allon kafin ya ɗauki kayansa. Faci biyu ne a jere, sabon da tsohon, inda duk mai buɗe Sikeli zai gan su har abada. Gyaran na ɗauke da sunan Kawu, ƙaryar kuma da sunan Auta.